Darasin tarihi ta WhatsApp, jika biyu a wata: ga abin da na gani

Tunda wasu sun dame ni da tambaya a kan gurup ɗin nan da wani mushe, wato malamin makaranta, yake koyar da tarihi ta WhatsApp, to ga shi. Ƙanwata na sa a ciki, tana lise nan Damagaram, darasin juyin juya halin Rasha ya sha mata kai, ta haddace kaye kamar karatun allo amma ka ce mata me ya kayar da sarki sai ta yi tsuru-tsuru. Da yake salulata ake aiki da ita ni ma na riƙa saurare da dare in na taso daga Kasuwar Dole.

Gaskiya mutumin ya iya koyarwa, ya yi da Faransanci sannan ya maimaita da Hausa. Ni da can na ɗauka yunwa ce kawai ta kori sarkin Rasha Nikola na biyu, ashe zancen ya fi haka. Daga 1905 ya faro, Japan ta ba Rasha kashi, ma'aikata kuma suka nufi fada a watan Janairu da takardar koke a hannu aka buɗe musu wuta, wai daga ranar talaka ya daina ganin sarki uba ne. Dole ta sa ya yarda da majalisa, Duma, ta zauna a 1906, da ta fara ɗaga murya ya rushe ta, ta biyu ma haka a 1907. Ga yaƙin 1914 ya zo, a 1915 ya ce shi da kansa zai ja soja, to ka ga duk kashin da aka sha a kansa yake kenan, gida kuma ya bar ma matarsa wadda asalinta Bajamushiya ce, ga wani mai da'awar waliyyantaka, Rasputin, a gefe yana hure mata kunne ana ta canjin ministoci, har manyan fada da kansu suka kashe Rasputin ɗin a Disamba 1916.

Inda ya burge ni shi ne da ya tambayi yara, a 1905 ma ai an yi bore, me ya sa sarki bai faɗi ba? Shiru. Ya ce saboda lokacin yawancin soja na bayansa. A 1917 hatsi akwai shi a ƙauye amma jirgin ƙasa na can yana jigilar yaƙi, mata suna layin burodi cikin sanyi a Petirogirad, babban birnin ƙasar a lokacin, ranar 8 ga Maris suka fito, masana'antu suka bi su. An yi harbi ranar 11, washegari sojan birnin, yawancinsu 'ya'yan manoma sabbin ɗauka, suka ƙi yin harbi, suka koma cikin jama'a. Janar-janar ɗin sarki ma suka ce ya sauka, ranar 15 ya sauka, ƙanensa Mika'il ya ƙi karɓa. Gidan sarautarsu na Romanob da ke mulki tun 1613, cikin sati guda ya tafi. Wallahi sau biyu na saurari wannan odiyon.

Wani yaro ya tambaya ko haka aka yi ma Sarkin Damagaram, mushe ya ce a'a, mu nan Nasara ne suka zo daga waje da bindiga a 1899, ba talakawa ne suka tashi ba, kar wanda ya haɗa su a jarabawa.

Yanzu abin da bai min ba. Odiyo ɗaya sai ya kai minti 25, yana cin mega ba kaɗan ba, in rezo ya yi halinsa sai ka kwana bai sauka ba. Sannan ya yi ta cewa juyin Fabrairu alhali kwanakin da yake bayarwa na Maris ne, yarinya ta rikice kwana uku, sai da na yi magana ya bayyana cewa tsohuwar kalandar Rasha tana baya da kwana 13. Haba mushe, ai da wannan ake farawa! Taswira ko ɗaya bai turo ba, tambaya kuma sai ta yi kwana biyu ba amsa don gaisuwar Juma'a ta binne ta.

Duk da haka na biya na wata mai zuwa, za su shiga Lenin da juyin Oktoba da ya jagoranta. Na dai roƙe shi ya riƙa yanka odiyon gida uku.