Bitamin D zalla ko haɗin D da K2: me za ka saya wa ƙashin tsohuwarka a Yamai?

Watan da Inna ta zo daga Tawa ta zauna wurinmu a Yantala, kukanta ɗaya ne: kwankwaso da cinyoyi. In ta idar da salla sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Likita ya sa aka ɗebi jininta aka auna abin da suke kira 25-OH bitamin D, sakamako ya fito ƙasa ƙwarai. A wannan awon, ƙasa da 20 ng/ml bai wadatar ba, ƙasa da 12 kuwa rashi ne sosai.

Da na je farmasi, mai sayarwa ta jera mini abu huɗu a kan kanta: ƙaramin ampul na sha, kwalbar ɗigo, ƙwayar taunawa mai kalsiyom (sinadarin da ke gina ƙashi), da wata gora mai ƙyalli da aka rubuta D3+K2, wadda kuɗinta ya fi na sauran nesa. Ta tura mini gorar ta ce, "Malam, wannan ake yayi yanzu, ya fi ƙarfi." Na karɓi abin da likita ya rubuta kawai, amma maganar ta tsaya mini a rai, har na zauna na bi diddiginta.

Kafin a zo ga kwali, wa ke bukata? Mutum zai ce ƙasar da rana ke dafa ƙwai a watan Afirilu ina ita ina rashin bitamin D. To, fata ce ke haɗa shi, kuma sai rana ta taɓa ta kai tsaye. Tufa na tarewa, gilashin taga na tarewa, baƙar fata na bukatar lokaci fiye da fara, tsufa kuma na rage wa fata wannan aikin. Inna tun da ƙafa ta fara yi mata nauyi take wuni a ɗaki gudun zafi, in ta fita kuma da hijabi har ƙasa. Haka matan kulle, haka ma'aikacin da ke shiga buro da safe ya fito bayan la'asar, haka jaririn da nonon uwa kaɗai yake sha. Manomi da ɗan ga-ruwa ba su cika shiga wannan sahu ba. Wani babban bincike a Amurka ya bi mutum sama da 25,000, rabinsu na shan bitamin D UI 2000 (UI ma'aunin ƙarfin bitamin ne) kullum kimanin shekara biyar. Da aka fitar da sakamakon ƙashi a 2022, karaya ba ta ragu ba ga mutanen da dama ba su da rashi. Ke nan mai lafiya da ke shan rana ya riƙe kuɗinsa.

In an tabbatar da bukata, duba bayan kwali. Bitamin D iri biyu ne: D3 ana rubuta shi cholécalciférol, D2 kuma ergocalciférol. Duka suna aiki, amma D3 ya fi ɗaga awon jini ya kuma fi daɗewa, don haka shi nake zaɓa. Yawancinsa daga maiƙon gashin tumaki ake fitar da shi. Ƙarfinsa da UI ake rubutawa, wani kwalin kuma da mikrogiram: mikrogiram 1 daidai yake da UI 40. Babba na bukatar UI 600 a rana, wanda ya haura shekara 70 UI 800, jariri UI 400. Kada babba ya wuce UI 4000 a rana in ba likita ya ce ba.

Ampul shi ne ya fi ba ni tsoro, duk da shi aka fara rubuta wa Inna. Irin su Uvédose na Faransa, ɗan ruwan da bai cika cokalin shayi ba yana ɗauke da UI 100,000, abin da ake sha sau ɗaya a jira watanni. Amfaninsa a fili yake: tsohuwar da ke mantuwa ba sai an bi ta kullum ba, kuma yana cike rashi da sauri. Matsalar ita ce ƙanƙantarsa na ruɗi. Na san gidan da aka ga Hajiya ta ji dama bayan ampul ɗaya, sai ƴaƴa suka riƙa saya mata kowane mako don ƙauna. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar bitamin C, a kitsen jiki yake taruwa. In ya yi yawa kalsiyom ya hau a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin ciki, daga nan a taɓa ƙoda. A Ostireliya an ba tsofaffin mata UI 500,000 sau ɗaya a shekara, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna sun fi faɗuwa, sun fi karyewa. Ampul sai da takardar likita, kuma a rubuta ranar da aka sha a jikin kalanda.

Ɗigo na kullum ya fi kwantar mini da hankali ga yara da kuma wanda zai daɗe yana sha. A ZymaD ɗigo ɗaya UI 300 ne, amma wasu kwalaben ɗigonsu ya fi haka ƙarfi, saboda haka kada a ɗauki lissafin wata kwalba a kai wa wata. A sha shi tare da abinci mai maiƙo, don da mai yake shiga jiki.

Ƙwayar taunawa ta kai mu ga abin da na ga ya fi komai muhimmanci a ƙasarmu. Aikin bitamin D shi ne ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyom. In babu kalsiyom a tukunya, me zai tsotsa? A Jos an yi bincike kan yara 123 masu gwame da lanƙwasar ƙafa saboda laushin ƙashi, aka wallafa a 1999: waɗanda aka ba kalsiyom, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Cimarmu ba ta yi nisa da tasu ba. Hatsi da shinkafa da masara kalsiyom ɗinsu kaɗan ne. Babba na bukatar wajen miligiram 1000 a rana, macen da ta haura 50 kuma 1200. Kofin madara ko kindirmo na ba da kusan 300. Cukun da muke saye a Tawa, kuka, zogale, ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, duk suna ƙarawa. Wanda ke shan fura da nono na gaske kullum, D3 zalla ya ishe shi. Wanda nono bai karɓe shi ba, ko furarsa ruwa ya fi yawa, shi ne haɗin kalsiyom da D3 ya dace da shi, irin mai miligiram 500 da UI 400. A tauna shi da abinci, kada a haɗa fiye da miligiram 500 a lokaci guda, a kuma raba shi da maganin ƙarin jini da awa biyu. Mai tarihin tsakuwar ƙoda ya fara tambayar likita.

Sai gorar mai ƙyalli. Bitamin K iri biyu ne. K1 yana cikin koren ganye: alayyafo, zogale, rama, yakuwa, kabeji, salati. Mace na bukatar wajen mikrogiram 90 a rana, namiji 120, kuma kwanon kwaɗon zogale ko miyar ganye na yin wannan aikin. K2 shi ne ake tallatawa, da sunan MK-4 ko MK-7. Gaskiya ne yana tada wani sinadari a ƙashi mai suna osteokalsin, wanda ke kama kalsiyom. A Japan ana ba da MK-4 miligiram 45 a rana a matsayin maganin zaizayar ƙashi, wanda ya ninka abin da ke cikin gorar kanti sau ɗaruruwa. A Holand an ba mata 244 da haila ta ɗauke musu MK-7 mikrogiram 180 shekara uku, ƙashinsu ya rage saurin zaizaya. Amma wasu gwaje-gwajen ba su ga bambanci ba, kuma shawarwarin likitoci kan zaizayar ƙashi a Turai da Amurka ba su sa shi cikin abin da ya wajaba ba. A ganina, mai albashi ɗaya da baki goma ya sa kuɗin K2 a nono da ganye.

Akwai kuma wanda K2 zai cutar kai tsaye: mai shan maganin tsinka jini irin Sintrom, Préviscan ko Coumadine, kamar waɗanda aka yi wa aikin zuciya ko jini ya taɓa daskare musu a jijiya. Waɗannan magunguna aikinsu shi ne danne bitamin K, ƙara shi kuwa na warware maganin. Ko ganye ma ba a ce su daina ba, an ce kada su sauya yawan da suka saba ci kwatsam.

Kowanne ka zaɓa, saya a farmasi, ba a tiren mai yawo da magani a bakin Babbar Kasuwa ko Wadata ba. Yawancin kwalayen nan an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25, tiren kuwa ya wuni a ranar da ta haura 40. Duba ranar lalacewa. In ƙwaya ce mai taushi kamar roba, nemi kalmar gélatine ka tambayi ta wace dabba ce, don wata ta alade ce. Wasu ɗigon kuma akwai alkol a ciki, an rubuta a takardar da ke cikin kwali.

Inna ta gama ampul ɗin da aka rubuta mata, likita ya mayar da ita ɗigo. Da azahar nake ɗiga mata uku a cokali bayan ta ci abinci, da hantsi kuma jikokinta su shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, inda babu baƙon ido, ta naɗe hannun riga ta miƙe ƙafa kafin rana ta yi zafi. Bayan wata uku za mu koma a sake awon jinin.