Shawarmar Jidda ba irin ta gida ba ce: yadda ake gane mai kyau

'Yan'uwa masu shirin zuwa Umara, kafin ku tsaya gaban mai shawarma a Jidda ku cire wadda kuka saba da ita a Kano ko Abuja daga ranku. Tamu ta gida ana cika ta da kabeji da karas da mayonis da ketchup, har da sosej a tsakiya. Ta Larabawa ta asali ba a cika ta da waɗannan. Nama ne ke magana, sauran kayan rakiya suke yi masa.

Iri biyu ne, kuma kowanne da abokan tafiyarsa. Ta kaza tana tafiya da miyar tafarnuwa da suke kira tum, da kokwamba mai tsami, da 'yan silin soyayyen dankali. Ta jan nama kuwa, na saniya ko na rago, da miyar riɗi ake ci, wato tahina, tare da albasa da tumatir da ganyen bakdunis (wato faski) da garin sumak mai ɗan tsami. Shagon da ya zuba tahina a kan kaza ba tare da kun nema ba, bai san aikinsa ba.

Abu na farko, ku dubi naman da ke juyawa a jikin ƙarfen. Na ƙwarai za ku ga shimfiɗa kan shimfiɗa, yanka-yanka, domin da hannu aka jera shi bayan ya kwana cikin kindirmo da lemon tsami da tafarnuwa da kayan ƙamshi. Idan kun gan shi sumul kamar an yi masa yaɓe, niƙaƙƙen nama ne daga kamfani, ku wuce. A ta kaza dole a samu cinya da fata a tsakanin ƙirjin, in ba haka ba ta bushe kamar kara. A ta jan nama kitsen jelar rago ake ɗorawa a sama, yana narkewa yana gangarowa. Duk wanda ya san bambancin balangu mai kitse da marar kitse ya riga ya gane zancen.

Lokaci ma yana da nasa. Daga bayan Magariba zuwa bayan Isha'i ciniki ke kankama, ana yanka ana sayarwa nan take. Da rana tsaka sau da yawa za ku tarar an yanke naman an tara a faranti a ƙasan wuta, ya jiƙe da mai ko ya ƙandare. Ku ce a yanko muku daga jikin ƙarfen. Amma cunkoso ma yana da illarsa: idan layi ya yi tsawo, mai yanka yakan yi gaggawa ya shiga cikin da wuta ba ta kai ba. Gefen ya zama ya yi ja ya ɗan ƙone. Kazar da kuka ga cikinta da sauran ja ko santsi, ku mayar, cikinku ya fi kuɗin muhimmanci.

Tum ita ce ke tona asirin shago. Abu huɗu ne kacal a cikinta: kofi 1 na ɓararriyar tafarnuwa, ƙaramin cokali 2 na gishiri, rubu'in kofi na ruwan lemon tsami, da mai kamar kofi 3. Ana cire koren tsiron da ke tsakiyar tafarnuwar don shi ke kawo ɗaci, a niƙa da gishiri, sannan a riƙa ɗiga mai kaɗan-kaɗan ana sa lemon a tsakani. Aka zuba man gaba ɗaya sai ta tsinke ta koma ruwa. Wannan wahalar ce ta sa wasu shagunan ke haɗawa da mayonis ko sitaci. Ta gaskiya fara ce fat, mara nauyi, tana ɗan cizon harshe.

Sai gurasa. Akwai kubus mai aljihu, akwai saj mai laushi siriri kamar mayafi, akwai kuma burodin samuli. Ni dai saj na fi ba ku shawara, musamman idan an goga naɗin a man naman an danna shi a kan ƙarfe mai zafi har ya yi ƙus-ƙus. Idan kun ce "arabi", naɗin saj za a yanka muku gunduwa-gunduwa a kawo da dankali da tum da kayan tsami a gefe. "Sarukh" kuma shi ne dogon naɗi, na mai jin yunwa sosai. Ƙaramin naɗi na yau da kullum ba ya ƙosar da babban mutum, biyu ake saye.

Inda suka gaza mu shi ne yaji. Shattarsu, wato miyar barkononsu, tsami ta fi yi, ba ta kama ƙafar yajin tsire ba. Ku ƙullo yajin ƙuli daga gida, ku barbaɗa a kan ta jan nama, amma ta kaza ku bar ta da tafarnuwarta.