Filogin auna wuta da na saka wa mukayyif, yana aiki amma ku duba saitin

Jama'a mazauna Jidda da Makka musamman masu gidan haya, wannan filogin da ake sakawa tsakanin soket da na'ura ya riƙa auna wutan da take sha, na saye shi a wani shagon kayan lantarki a Balad ƙasa da riyal 100 kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba. Ana haɗa shi da wayfai ɗin gida, sai manhajar ta riƙa zana maka layi awa bayan awa. Kun san lissafin wutan gida halala 18 ne duk kilowat-awa har 6000 a wata, in ka haura ya koma 30 ga harajin kashi 15 a kai, to da zafi mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne ke cinye mu. A ɗakin Hajiya na gane tsohon mukayyif na tagan nan kwamfresonsa baya hutawa ko da tsakar dare, muka wanke tacen muka toshe gefen taga, layin ya sauka a idona. Sai dai ku duba amfiya nawa filogin ke ɗauka kafin ku jona mukayyif, ƙanana zafi suke yi.

Abin da ya tsaya min a rai shine wannan layin dai labarin gidanka ne kaf. Ina kallo na san lokacin da aka tashi asuba, na san sanda yara suka tafi madrasa, ranar da muka je Madina layin a kwance yake, duk wanda ya gani ya san ba kowa a gidan. Kuma a saitin akwai wurin da ka yarda kamfani ya tattara bayanan don nazarin yadda mutane ke amfani da kayansu, a kunne na same shi. Ban ƙi su yi nazari ba wallahi, ta haka za su san irin zafin da na'ura ke sha a nan su gyara, amma a tambaye ni tukun, tunda dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki tun Satumba 2023. Na kashe wurin kuma filogin na auna wutansa lafiya lau.