Bel ɗin sojan Rumawa da na yi oda, sai da baduku ya sa hannu

Wata biyu kenan da isowarsa, kwaikwayon wanda sojojin Rum ke ɗaurawa a ƙarni na 4 zuwa na 5. Ranar farko na yi ta kokawa da shi wai zan zura a wando, ashe shirme nake. Faɗinsa ya kusa santimita 10, a kan taguwa ake ɗaura shi, bakin fatar ɗaya ya hau kan ɗaya, sannan wata siririyar igiyar fata ita ce ke shiga kan bel ɗin, ragowarta kuma doguwa ce da gangan, sai ka cusa ta ƙarƙashin bel ka sako ta tana lilo a gefen cinya da ɗan ƙarfen ado a bakinta. Ni har na ɗauko almakashi zan rage ta, Allah ya taimake ni na fara duba hotuna.

Aikin tagullar gaskiya ba laifi. Zanen kan bel ɗin an sassaƙa shi da zurfi, ga ƙananan ƙarafuna masu kama da farfela an jera su a tsaye don kar fatar ta lanƙwashe, irin waɗanda ake gani a ƙugun mutane a hotunan daɓen wani tsohon gidan Rumawa da ke Piazza Armerina can tsibirin Sisili na Italiya. Da ka ɗaura za ka ji bayanka ya miƙe da kansa, nan na gane dalilin da ya sa a wajen Rumawa ƙwace wa soja bel babban wulaƙanci ne, har ma'aikatan gwamnati ɗaurawa suke a lokacin saboda alamar muƙami ce.

Inda suka ɓata min rai fatar ce. Ta zo a bushe ƙamas kamar ganda, huji uku kacal, sati bai cika ba farfela ɗaya ta faɗi don ƙusar ba ta kama ba. Na yi wa mai shagon magana, shiru. Baduku na kai wa, ya juya shi ya juya ya ce "Alhaji wannan na doki ne?" Ya ƙara huji biyu, ya dake ƙusoshin, ni kuma na bi shi da man kaɗanya kwana uku kafin ya yi laushi.

Tsayuwa da tafiya lafiya lau. Zama ne matsala, in ka ci tuwo ka ƙoshi gefensa har haƙarƙari yake tokara.