Shekara guda a shirin horar da mata shugabancin kwalejin likitanci: ya cancanci wahalar?

Ƙannena a wurin aiki sun dame ni da tambaya ɗaya tun da na kammala shirin horar da mata malaman kwalejojin likitanci kan shugabanci: "Anti, mu ma mu nema?" Amsata ita ce ku nema, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba a hannun masu shirin yake ba. Ba zan kama sunan wanda na halarta ba, saboda akwai wuraren da zan yi ƙorafi, kuma ire-irensa sun yi yawa yanzu, kusan duk zubinsu ɗaya ne.

Zubin ya samo asali ne daga shirin ELAM na horar da mata shugabanci, da aka fara a Filadelfiya ta Amurka a 1995, wanda yanzu yake ƙarƙashin kwalejin likitanci ta Jami'ar Drexel. Ita wannan kwaleji magajiyar makarantar likitanci ta mata ce da aka buɗe a 1850, inda Ann Preston ta zama mace ta farko da ta shugabanci tsangayar likitanci a 1866. Namu ma haka aka tsara shi: shekara guda kina kan aikinki, a tara ku wuri ɗaya na 'yan makonni a lokuta daban-daban, sauran darussa ta intanet, a raba ku ƙananan rukunoni, sannan kowace ta ɗauki wani aiki na gyara a kwalejinta ta gabatar da shi a ƙarshe. Ba a shiga sai shugaban tsangayarki ya miƙa sunanki.

Ni likitar yara ce, na kai matakin da ke ƙasa da farfesa, kuma na daɗe ina riƙe da jarrabawar ɗalibai da kwamitin jin daɗinsu. Da wannan idon na auna shirin.

Abin da ya fi komai amfani shi ne darasin kuɗi. Da shi kaɗai aka koyar, da ban yi asarar shekarata ba. A makarantar likitanci an koya mana jiki da cuta da magani, babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana inda kuɗin kwaleji ke fitowa da inda yake tafiya. A nan aka shimfiɗa mana shi dalla-dalla: abin da asibitin koyarwa ke samu daga duba marasa lafiya, da yadda wasu sassa kamar tiyata ke ɗauke nauyin wasu kamar namu na yara, kason da jami'a ke cirewa daga kowane tallafin bincike da sunan gudanarwa, da ainihin tsadar ɗaukar sabon malami guda, wadda ba albashinsa kaɗai ba ce, har da ofis da ɗakin gwaji da shekarun da zai yi kafin ya fara jawo tallafi da kansa.

Ba lacca kawai aka yi mana ba. An ba kowane rukuni kasafin wata kwaleji ta ƙirƙira wadda kuɗinta ya gaza, aka ce mu yanke shawarar abin da za a rage, mu kare shawarar a gaban wasu tsofaffin shugabannin tsangaya da jami'an kuɗi. Ba su tausaya mana ba, kuma na gode musu da haka. Wata a rukuninmu ta ce a rufe wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke jawo asara, sai jami'in kuɗin ya tambaye ta ina ɗaliban aji huɗu za su riƙa ganin marasa lafiya, kuma me hukumar tantance kwaleji za ta ce idan ta zo. Nan muka gane cewa kowane layi a kasafi yana ɗaure da wani. Yau idan aka ce mini "babu kuɗi" a taro, na san takardar da zan nema, na san shafin da zan buɗe. Na lura kuma cewa daga ranar da mace ta fara magana da alƙaluma, saurarar da ake yi mata takan canza.

Na biyu shi ne tantancewar da aka yi mana ta kowane ɓangare. An aika wa na sama da ni da tsararrakina da na ƙasa da ni tambayoyi, suka amsa ba tare da suna ba, sannan wata ƙwararriya ta zauna da ni muka karanta sakamakon. Ɗalibai da ƙananan likitoci da ma'aikatan jinya sun san aikina ciki da waje. Manya kuwa, da yawansu sun bar tambayoyi babu amsa, wai ba su da masaniya. Da muka haɗu a rukuni sai na ji kusan kowa labarinta ke nan. Aikin da ake ɗora wa mata, wato jarrabawa da tarbiyyar ɗalibai da sasanta rikici, aiki ne da na ƙasa ke gani, kuma ba ya cikin abin da kwamitin ƙarin girma ke ƙirgawa. Kwamiti yana ƙirga maƙalu a mujallu da tallafin bincike da gayyatar gabatar da lacca.

Daga nan ne na fahimci dalilin da ya sa suka nace kan bambancin mai ba ki shawara da mai tsaya miki. Masu ba ni shawara ina da su da yawa, Allah Ya saka musu. Abin da ban taɓa samu ba shi ne wanda zai kira sunana a ɗakin da ba na ciki, lokacin da ake neman wanda za a ba wani muƙami. Shirin ya haɗa ni da wata farfesa da ta taɓa shugabantar tsangaya a wata jami'a. Zamanmu na farko ta karɓi takardar tarihin aikina ta yi shiru tana dubawa, sannan ta ce, "Ƙanwata, kwamiti nawa kike ciki, kuma wanne ne a cikinsu ke taɓa kuɗi ko naɗin muƙami?" Babu ko ɗaya. Ta sa na sauka daga biyu, ta rubuta wa wata ƙungiyar likitoci ta ba da sunana a cikin masu gabatar da lacca. Ba kowa ce ta yi dacen da na yi ba. Wasu an haɗa su da manyan da ba su da lokacin amsa saƙo, kuma masu shirin ba su bi sawu ba. Wannan gyara ne mai sauƙi da ya kamata su yi.

Aikin da na ɗauka a kwalejinmu ya fito ne daga tambayar farfesar. Na tattara sunayen duk kwamitocin tsangaya da waɗanda ke zaune a cikinsu, da yadda aka naɗa kowane shugaban sashe. Abin da na gani bai ba kowa mamaki ba, amma ba a taɓa ajiye shi a takarda ɗaya ba: mata sun cika kwamitocin ɗalibai, maza sun cika na kuɗi da naɗe-naɗe, kuma yawancin muƙamai ba a tallata su, ana kiran mutum ne a ce masa ya karɓa. Na ba da shawarar a riƙa sanar da kowane gurbi a fili, a sa wa'adi ga shugabancin sashe, a kuma rubuta abin da ake nema kafin a ga sunayen masu nema. An karɓi ta farko, sauran biyun suna gaban kwamiti. Masu shirin sun gayyaci shugabannin tsangayoyinmu su zo su saurari gabatarwar ƙarshe, kuma wannan dabara ce mai kyau, domin mutumin da ya zauna cikin tsararrakinsa ya ji aikinki ba zai ce gobe bai san da shi ba.

Yanzu ga inda raina bai kwanta ba.

An kashe lokaci mai yawa wajen koya mana yarda da kai: yadda ake tsayuwa, yadda ake ɗaga murya, yadda za ki daina neman afuwa kafin ki yi magana. Na kalli matan da ke ɗakin, akwai mai buɗe ƙirjin jariri ta gyara zuciyarsa, akwai wadda ta riƙe sashen gaggawa lokacin annobar korona, ana koya musu kada su ji tsoron magana. An bar jaki ana dukan taiki. Alƙaluman da masu shirin suka nuna mana da kansu sun ƙaryata wannan darasi. A Amurka, inda aka fi adana irin waɗannan bayanai, mata sun zarce rabin ɗaliban likitanci a 2019, amma rahoton ƙungiyar kwalejojin likitanci ta ƙasar, AAMC, na 2018 zuwa 2019 ya nuna mata ne kashi 41 cikin ɗari na malamai, kashi 25 na cikakkun farfesoshi, kashi 18 na shugabannin sassa, kashi 18 na shugabannin tsangaya. Masu cewa a yi haƙuri lokaci zai gyara, binciken da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2020 ya amsa musu: an bi waɗanda suka kammala karatu cikin shekaru 35, aka ga mata na baya wajen samun ƙarin girma, kuma tazarar ba ta ragu ba a sababbin zuriya. Wani binciken na 2017 a asibitin Mayo ya duba yadda ake gabatar da masu lacca a babban taron likitoci: idan namiji ne ke gabatarwa, yakan kira ɗan'uwansa namiji da laƙabinsa na aiki a kusan kashi 72 cikin ɗari na lokuta, mace kuwa a kashi 49. Babu salon tsayuwar da zai gyara wannan. Da an rage wancan darasi an ƙara mana na yadda ake tafiyar da kwamitin neman shugaba, ko yadda ake gano wasiƙar shaida da aka rubuta wa mace a gajarce cike da "tana da ƙoƙari" maimakon ambaton bincikenta, da ya fi.

Batun cin zarafi da tsangwama a wurin aiki kuwa, zama ɗaya aka ba shi, a gurguje. Shugabar sashe za ta karɓi irin wannan ƙara ko ta so ko ba ta so ba, wani lokaci a kan wanda ya koyar da ita. Mun fito ba mu san matakin farko da za mu ɗauka ba, sai abin da muka koya daga junanmu bayan an tashi.

Sai maganar waɗanda aka bari a waje. Sunan shirin ya haɗa da kimiyyar lafiya baki ɗaya, amma likitoci ne suka cika ɗakin, misalan ma duk namu ne. Malamar jinya da mai haɗa magunguna da ke cikinmu sun sha zama suna sauraren abin da bai shafi tsangayarsu ba. Wannan ya yi mini zafi, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mata ne kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya da jin daɗin jama'a, amma kashi 25 kawai na manyan muƙamai ke hannunsu, kuma da yawa daga cikin waɗancan kashi 70 ma'aikatan jinya ne da ungozomomi. Shirin da ya zo gyara wariya bai kamata ya shigo da tsohuwar wariyar asibiti ta likita da wanda ba likita ba.

Sharaɗin da na ambata da farko shi ne lokaci da kujera. Shugaban tsangaya yana sa hannu cewa zai rage miki aiki, amma babu mai bincikar ko ya cika. Ni an rage mini kaɗan. Wasu ba a ɗauke musu ko kwanan asibiti ɗaya ba, suna aikin shirin da tsakar dare bayan yara sun yi barci. Binciken da aka buga a 2014 kan matasan likitoci masu bincike a Amurka ya gano cewa matan da ke da yara suna kashe kimanin awa takwas da rabi a mako a aikin gida fiye da takwarorinsu maza, don haka ƙarin nauyin nan ba a kan fili yake sauka ba. Bayan an gama kuma, wasu sun koma suka tarar babu wani gurbi da ke jiran su, sai takardar shaida a bango. Na san wadda ta bar jami'arta saboda haka, wata jami'ar ta ɗauke ta shugabar sashe. Birtaniya ta gwada wata hanya dabam: tsarin Athena SWAN na daidaito tsakanin maza da mata da aka fara a 2005 yana auna jami'a ne, ba mace ba, kuma a 2011 Sally Davies, babbar jami'ar lafiya ta Ingila a lokacin, ta ɗaure wani babban tallafin bincike da samun lambar azurfa ta tsarin. Makarantun likitanci sun motsa nan take, ko da yake an yi ta kukan cewa aikin cike takardun ya faɗa kan matan da ake son a taimaka wa. Ina ganin shirye-shirye irin namu suna da ƙarfin da ba su amfani da shi: kwalejin da ta turo mace ta kasa cika alƙawari, a ƙi karɓar wata daga gare ta sai ta yi bayani.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki cike takardar nema, ki zauna da shugaban tsangayarki ki samu abu uku a rubuce: aikin da za a ɗauke miki da sunan wanda zai karɓa, izinin ganin kasafin tsangaya na gaskiya don aikinki, da kwamiti ko muƙamin da za ki shiga idan kin dawo. Idan ya yi ta kewaye-kewaye, ki jinkirta zuwa wata shekara. Idan kuma ba ki daɗe da fara koyarwa ba, wannan shirin bai zo miki ba tukuna. Gajerun tarukan horaswa na 'yan kwanaki da ake yi wa sababbin malamai mata sun fi dacewa da ke, ki tattara ƙarfinki kan bincike da wallafa. Wadda ta kai matakin babbar malama ko sama, ta taɓa riƙe wani abu ko da ƙarami ne, ita ce za ta ci moriyarsa sosai. A bana na ba da sunan wata malamar jinya daga tsangayarmu, na kuma raka ta ofishin shugaba muka fito da takardar nan mai abu uku da sa hannunsa.