Man shammar, ko ƙwayarta? Abin da za ki duba kafin ki saya

Da farko ki tabbatar shammar aka miƙo miki ba hulba ba, don a Turanci sunayensu (fennel da fenugreek) sun yi kama, kuma har a kan kwalba ana rikita su. Hulba ƙwayarta rawaya ce mai tauri da ɗaci. Shammar kuwa doguwa ce siririya, koriya-koriya, idan kin tauna sai ki ji ɗan zaƙi da ƙamshi irin na yansun. Asalinta yankin tekun Bahar Rum ne, amma yau Indiya ce kan gaba wajen nomanta, Masar ma na fitar da ita.

Man da ke shagunan magungunan Musulunci iri biyu ne, ko da mai shago bai bambance miki ba. Akwai wanda aka jiƙa shammar a cikin wani man, kamar zaitun. Babbar kwalba ce, da araha, ƙarfinsa kaɗan, ya isa a shafa a fatar ciki. Akwai kuma tatacce, wanda aka fitar da tururi daga ƙwayar. Wannan ƙaramar kwalba ce mai duhu, da tsada, ƙamshinsa na bugun hanci saboda sinadarin anetol. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ki ajiye. Tatacce zai bushe ya tafi, na jiƙo kuwa zai bar tabon maiƙo. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ni dai in don kumburin ciki, iska ko ciwon mara lokacin al'ada ne, ƙwayar nake ba da shawara. Ita ce mafi arha, kuma da wuya a yi miki algus da abin da idonki ke gani. Ki daddaka ƙaramin cokali ɗaya, ki zuba tafasasshen ruwa, ki rufe kofin minti 15 don kada ƙamshin ya gudu.

Tataccen man ba na sha ba ne haka kawai. Ɗigo 2 ko 3 a babban cokalin man zaitun ya isa shafawa. Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗiga wa jarirai don ciwon ciki. Hukumar magunguna ta Turai ko shayin shammar ba ta ba da shawarar a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 4 ba, balle tataccen man. Mai juna biyu da mai shayarwa su fara tambayar likita, babba ma kada ya wuce mako 2 yana shan shayin a jere.