Kai wuta ɗakin baya: waya mai sulke, fayif ko tarankin?

A yawancin gidajenmu na Kano da Zariya da Kaduna, ɗakin baya ko shagon ƙofar gida ko kicin ɗin tsakar gida daga baya ake gina shi, wutarsa ma daga baya ake ja. Sai a samo waya mai falle biyu, a maƙala ta a bayan soket ɗin falo, a fito da ita ta taga, a ratsa tsakar gida da ita kamar igiyar shanya, a cusa ta ƙarƙashin kwano. Rana ta gasa robar, iskar farkon damina ta yi ta goga ta a bakin kwano, wata rana yaro ya dafa ƙofar ƙarfe wuta ta ja shi. Idan kana shirin sake wannan wayarin, ga abin da za ka tarar a kasuwa, da wanda ni zan ce ka saya.

Tsakanin babban gida da ɗakin, babu abin da ya kama ƙafar waya mai sulke, wadda 'yan kasuwa ke kira amod. Ka sa a nuna maka bakinta inda aka yanke: jan ƙarfe a tsakiya, kowane sili da rigarsa, sai wata roba ta haɗe su, sai zagayen siraran ƙarafa, sannan baƙar riga mai kauri a waje. Waɗannan ƙarafan su ne sulken. Ɓera ba ya iya cin su, gara ba ta da abin yi da su, kuma ranar da wani ya zo haƙa rami ya sara da diga, ƙarfen zai fara tararwa kafin ya kai ga wuta. Idan an haɗa sulken da wayar ƙasa, wato at, wadda ke kai wutar da ta yoyo cikin ƙasa, yadda ya kamata, bireka mai yanke wuta da kanta ce za ta faɗi, mai digar ya tsira.

Ka sayi mai sili uku: wuta, nutural, da at. Ɗakin da ba shi da komai sai fitila da fanka da talabijin, mai milimita 4 ta isa. Idan akwai firiza, dutsen guga ko injin jan ruwa, ko kuma nisan ya kai mita 30, ka haura zuwa 6, domin wuta tana raguwa a doguwar waya siririya, ga shi dama ba kullum take zuwa mana da cikakken ƙarfinta na 230 ba. A haƙa rami kamar santimita 60, a shimfiɗa yashi, a kwantar da wayar, a ƙara yashi, a jera jan bulo a kai don ya zama gargaɗi ga mai haƙa na gaba, sannan a binne. A bakinta biyu dole a sa maɗaurin tagulla da ke damƙe sulken ya haɗa shi da akwati. Masu wayarin da yawa suna tsallake wannan, su yanke ƙarafan su naɗe da baƙin tef. Kada ka yarda, rabin amfanin kuɗinka ke nan aka zubar. Tana da tsada, babu musu, amma sau ɗaya ake binne ta.

Fayif ɗin roba wurinsa cikin ɗaki. A fasa bango a binne mai milimita 20, ko 25 idan wayoyin da yawa, a zura waya mai 1.5 don fitilu, 2.5 don soket. Ka nemi mai kauri, ka matsa shi da yatsa biyu, in ya lotse ka ajiye. Har cikin silin a bi da shi, don can ne ɓeraye suke, can ne kuma zafin kwano yake taruwa a watan Afrilu. A waje kuwa, inda rana ke dukansa, bushewa yake yi ya riƙa ɓarewa. Tarankin, wato kwatamin robar nan mai murfi da ake maƙalawa a bango a jera waya a ciki, na cikin ofis ne, murfinsa ba ya shekara a bangon tsakar gida. Fayif ɗin ƙarfe yana da ƙarfi, amma kafin ka biya kuɗinsa da na mai lanƙwasa shi ka kusa kuɗin amod. Waya tsirara da ƙusar maƙalawa kuwa ba ta cikin lissafina.

A ɗakin a sa ƙaramin akwatin bireka nasa na kansa, fitilu daban, soket daban, tare da birekar nan mai gane yoyon wuta ta miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta idan ta bi jikin mutum. Daga babban akwatin gida za a ɗauko wutar, bayan canjoba, ba daga bayan soket ba. Ƙa'idojin wayarin na ƙasa, waɗanda hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta fitar a 2015, suna buƙatar wayar ƙasa da kariya irin wannan, kuma hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa. Tambayar mai wayarin takardarsa ba cin fuska ba ne.

Duk wannan tsari a banza yake idan wayar jabu ce, kuma nan ne ake cutar mutane. A shagon ɗinkin ƙanwata, mai wayarin ya karɓi kuɗin waya mai kyau ya tafi kasuwa shi kaɗai. Ba a daɗe ba soket ɗin dutsen guga ya fara ɗumi, sai warin ƙonanniyar roba daga silin, a ɗakin da ke cike da yadin mutane ana gab da sallah. Da muka yanko wayar muka kankare da wuƙa, jan launin ya tafi, fari fat ya bayyana. Alminiyam ce aka shafe da jan ƙarfe, an buga mata 2.5 a jiki. Sauƙin wucewar wuta a alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na jan ƙarfe mai kaurinta, don haka ba ta ɗaukar wutar da yake ɗauka, kuma a bakin sukurun soket tana saki, ta yi zafi. Allah ne ya kiyaye.

Don haka ka je kasuwa da ƙafarka, da 'yar wuƙa a aljihu. Ka kankare bakin wayar a gaban mai shago. Ka ɗora ta a kan wutar laita: ta gaskiya za ta yi baƙi ta tsaya a miƙe, jabu za ta langaɓe. Ka kara mata maganaɗisu, don akwai wadda ƙarfe ne aka rina. Sannan ka ɗaga rol ɗin ka ji nauyi. Mita 100 na 2.5 jan ƙarfen cikinsa kaɗai ya haura kilo 2, ban da roba, saboda haka duk rol ɗin da ka ji shi sakayau, ko dai an rage kauri, ko an rage tsawo, ko duka biyun. Ana sayar da 1.5 mai kumburarriyar roba a matsayin 2.5, ana sayar da rol ɗin da bai cika ba da sunan mita 100.

Muna da kamfanonin gida masu suna, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin da Nocaco na Kaduna, kuma sunayen da aka sani su masu jabu suka fi bugawa a kan kayansu. Ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ka duba rubutun jikin wayar ko yana maimaituwa tsaf har ƙarshen rol, ka saya a wurin dilan kamfani, ka karɓi rasit mai sunan shago. Sandar at da ake kafawa a ƙasa ma haka: da yawanta ƙarfe ne da ɗan fenti ja, damina ɗaya ya yi tsatsa, sai ka karce ta kafin ka biya. Idan mai shago ya hana ka kankarewa, ko ya ce yana da mai lamba ɗaya da mai lamba biyu duk sunansu guda, ka yi masa sallama ka shiga shago na gaba.